Igiyar Farko a Kabarin Murdo Mai Tuffa

Winnipeg, Janairu 1911

Zuwa ga ƙanena Lachlan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya. Na san wayar da Baffa Tormod ya buga maka ta isa, don haka ba mutuwar Baba zan sanar da kai ba. Yadda ta faru zan gaya maka, tunda ba ka zo ba, ba ka kuma tambaya ba.

Tun da ka bar gida ba mu sami wanda zai riƙa raka taragon kayan shagonmu lokacin sanyi, yana hura wuta don kada su daskare ba. Wanda muka ɗauka ya sha giya ya bar wuta ta mutu, lemo ya iso kamar duwatsu. Da za a ɗauko tuffa daga Ontario, sai Baba ya ce shi zai je da kansa. Na ce, "Baba, da wannan gwiwar taka?" Ya ce, "Gwiwa ce za ta hura gawayi? Ɗaure min abinci, Ishbel, ki daina yi min kallon gawa." Yana dariya ya faɗa.

A hanyar dawowa, ranar Asabar da yamma, ya sa aka kwance taragonsa daga jikin jirgi aka ajiye shi a gefen wata 'yar tasha cikin daji, kafin Kenora. Ka san dalili, ba ya tafiya ranar Lahadi, ranar Ubangiji. Ma'aikatan jirgin sun roƙe shi, sun ce sanyin da ake yi itace ma fashewa yake, ya ce musu su gaida gida. Jirgi ya tafi ya bar shi. Ya shiga cikin gangunan, ya toshe kowace kafa da buhu don kada iska ta taɓa kayan, ya cika kurfoti da gawayi, ya ja ƙofa. Ranar Litinin da aka buɗe, yana zaune ya jingina da ganga, littafin waƙoƙin ibadarsa a cinya. Likita ya ce hayaƙin gawayi ne, barci ya ɗauke shi bai sani ba. Ko tuffa ɗaya sanyi bai taɓa ba.

Ƙasa ta yi tauri, ba a iya haƙa kabari. An yi addu'a a gida, an kai shi ɗakin ajiyar gawa na maƙabarta, yana can tare da sauran waɗanda suka tafi a sanyin bana, sai ƙanƙara ta saki a watan Mayu. Kana da lokaci ke nan. Igiyar wajen kai, wadda ɗa ke riƙewa a sauke ubansa, taka ce, Baba ba shi da wani ɗa namiji. Ni kuwa ka sani, mata ba ma zuwa bakin kabari.

Abu ɗaya zan tambaye ka. Wani ma'aikacin jirgin ya ce da suka tsaya a Fort William da safiyar Asabar ɗin, Baba ya sauka ya ce zai je neman yaronsa. Ya same ka?

Allah ya ba mu haƙuri.

Yayarka,
Ishbel


Fort William, Fabrairu 1911

Yaya Ishbel,

Ina gaishe ki. Ya haƙuri, ya ɗawainiyar shago? To, na yi gaisuwa, kada a ce karatu ya cire min tarbiyya.

Likitanku ya ce hayaƙi ne. Ni na ce Lahadi ce ta kashe shi, kuma in akwai namiji a cikin dattawan cocin nan naku, ya sa a sassaƙa haka a dutsen kabarin. Da ya bar taragon a jikin jirgi, da a ɗakin ma'aikata na can wutsiya zai zauna, kusa da murhu, yana shan shayinsu yana yi musu wa'azi, in an tsaya ya je ya duba gawayi ya fito. Haka ake aikin. Ba mai zama a cikin tarago da wuta a rufe. Amma ina! Shi Murdo MacAulay gani yake in ƙafar jirgi ta juya ranar Lahadi da shi a ciki, sama za ta tsage.

Abin da ke ƙona min rai, mutumin nan ba wawa ba ne. Ki tuna daga inda ya fito. Tsibirin Lewis, inda shi da bakinsa yake cewa in kare na son ɗaga ƙafa ya yi fitsari sai dai ya haƙura, don babu itace ko ɗaya. Sai da ya sauka Montreal yana saurayi ya fara ganin lemo, ya gatsa shi da ɓawo, ya tofar, ya ce mai sayarwar ya cuce shi. Wannan mutumin ne ya tura amalanke a titin Main cikin laka har ya kafa shago, har ta kai in ya sa hanci a bakin ganga zai gaya miki daga wace gona kayan suka fito, da ko ana ruwa aka tsinke su. Kowa a layinmu manya yake jerawa a sama ya ɓoye ruɓaɓɓu a tsakiya. Shi kuwa sai ya kife ganga a gaban mai saye ya ce, "Duba gindin, ni ma ta nan Allah zai duba ni." Na sha jin kunya, na sha jin alfahari, wani lokaci duk a wuni ɗaya.

Sannan ki tuna inabin nan. Ya iso ranar Asabar da yamma cikin zafi, kwando a kan kwando, na san kafin Litinin ya zama ruwa. Kuna coci na fita na sauke shi ni kaɗai, na jibga masa ƙanƙara, hannuna har jini. Litinin ya zo ya tsaya yana kallo, ya ce, "Wa ya yi wannan?" Na ce, "Mala'iku." Ya sa aka loda shi duka a keken doki aka zubar a kogi. Ko gidan marayu bai yarda a kai ba, wai kayan sata ne, ranar Ubangiji na sata. A nan na ce masa, a gaban ma'aikata, ba Allah yake bauta wa ba, kalanda yake bauta wa. Ban janye ba, ba kuma zan janye don ya mutu ba.

A garin nan akwai ɗakin karatu da ake arar littafi kyauta. Ni da aka cire daga makaranta don in tura amalanke, na koyi duniya a tsofaffin jaridun da ake shimfiɗawa a gindin ganga, yanzu na karanta abin da ya isa in san ƙasar nan ta daɗe tana juyawa kafin a raɗa wa kwanaki suna.

Igiya kuwa, ki ba Baffa Tormod. Tun da na san shi yake neman abin da zai riƙe a gaban jama'a. Hannun da ya sauke inabi ranar Lahadi ba zai yi musu ba.

Ki daina ɗaga ganga ke kaɗai, na san halinki.

Ƙanenki,
Lachlan


Winnipeg, Maris 1911

Zuwa ga ɗana Lachlan MacAulay,

Alheri da salama su tabbata a gare ka. Bayan haka, ina yi maka ta'aziyyar mahaifinka, ɗan'uwana Murdo, wanda muka sha nono ɗaya, muka hau jirgin ruwa ɗaya, muka yi amai a bokiti ɗaya har Montreal.

Yayarka ta sanar da ni cewa ka miƙo min igiyar kai. Ba ka da ikon bayar da ita, domin ba kyauta ba ce. Kakanka ya riƙe ta a kabarin ubansa a Lewis. Murdo bai samu ya riƙe ta kakanka ba, teku ta shiga tsakani, kuma na ga yadda abin ya ci shi har tsufa, ko da yake bai taɓa furtawa ba. Ni tawa ita ce ta wajen ƙafa, kamar yadda ya dace da ƙane. Na gefe duk na raba wa dattawa da abokan sana'arsa.

Dattawan ikilisiya sun zauna a kan maganarka. An tsayar da Litinin ta uku a watan Mayu. Ana bukatar ka iso kafin Asabar ta ƙare, ka zauna a kujerar ubanka a coci ranar Lahadi, sannan ka janye maganar kalanda a gaban waɗanda suka ji ta. Wanda ya keta ranar da ɗan'uwana ya mutu yana tsarewa ba zai sauke shi kabari ba. In ka ƙi, igiyar za ta rataya a jikin akwati babu mai riƙe da ita, jama'a su gani da idonsu. Ni ba zan taɓa ta ba.

Ina sa ka a addu'a safe da yamma, ko ka so ko ka ƙi.

Baffanka,
Tormod MacAulay


Fort William, Maris 1911

Baffa,

Ina gaisuwa da girmamawa, gwargwadon abin da ya rage min.

Na karanta takardarka a tsaye, na sake karanta ta a zaune don kada in faɗi. Wato kun taru, ku dattawa, a ɗaki mai ɗumi, da shayi da biskit ɗin matar fasto, kun yanke wa gawa sharaɗi. Sannunku da aiki.

In tambaye ka mana. Ranar da Baba ya ce zai raka tarago, kana ina? Ka fi shi ƙuruciya, gwiwarka lafiya lau, ba ta aikin komai sai durƙuso. Na san abin da ka yi ko ban gani ba. Ka tsaya a bakin shago ka ce, "Ubangiji ya kiyaye hanya," ka koma gindin murhu. Shekara da shekaru kuna kambama shi, "Murdo ba ya lanƙwasa, Murdo dutse ne," kuna zuga shi har ya kai kansa daji. Ku kuwa fa? Madarar da kake zubawa a shayi ranar Litinin da safe, yaushe aka tatse ta? Jaridar Litinin da kake karantawa da tabarau a karan hanci, yaushe aka buga ta? Kowa a cocin nan ya san inda zai kau da kai, shi kaɗai ne ya ɗauki maganarku da gaske, shi kaɗai ne kuma yake kwance a ɗakin ajiya kamar kayan da ba a zo ɗauka ba.

Ba ku gan shi a hanya ba ne, shi ya sa bakinku ke da daɗi. Tsoho yana jan ƙafa, gemu duk ƙanƙara, hannu ya tsattsage ya yi baƙi da gawayi, ya naɗe wuya da jan mayafin Mama kamar wata tsohuwa mai tallan kifi. Wannan shi ne dutsen naku.

Ba zan janye komai ba. In igiya ta rataya, ta rataya, ku kuka ƙulla ta. Addu'ar kuma na gode, amma ka rage ta yamma ka huta.

Ɗan ɗan'uwanka,
Lachlan


Winnipeg, Afrilu 1911

Lachie,

Ina gaishe ka. Yau ba ni da doguwar gaisuwa.

Baffa ya shigo min kicin da takardarka a fusace, ya karanta da ƙarfi, yana yi yana tsayawa yana cewa, "Ji ɗan banza! Ji baki!" Da ya zo wajen madara sai ya ture kofin shayinsa gefe, bai ma san ya yi ba. Na kusa yin dariya, karon farko tun Janairu. Sai ya zo wajen mayafi, dariyar ta koma ciki.

Jan mayafin Mama yana ƙasan akwatina tun rasuwarta. Ni na fito da shi ranar da Baba zai tafi, ni na naɗa masa a bakin ƙofa yana ƙorafin zan mayar da shi abin dariyar 'yan jirgi. Ban taɓa rubuta maka wannan ba. Ashe ya same ka.

Ba zan tuhume ka ba, ba ni da bakin. Ji nawa. Da aka kawo taragon aka fitar da Baba, Baffa ya ce a rufe shago har a gama zaman makoki. Ni na ce kayan marmari ba sa zaman makoki. Na sa aka sauke gangunan, washegarin addu'a na buɗe. Lachie, ban taɓa ganin ciniki irin wannan ba. Labari ya shiga jarida, mutane suka yi layi har kan titi cikin sanyin nan, kowa na cewa a ba shi na tsohon nan. Wata mata mai hular gashin dabba ta ranƙwafo ta ce min, "'Yan mata, daga gangar da ya jingina nake so." Na san gangar, don hularsa ta bar baƙin gawayi a jiki. Na buɗe ta na auna mata. Har da ce mata a ci lafiya.

Na gaya wa kaina don kada wahalarsa ta tafi a banza ne. Wannan gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba. Na ji daɗin cinikin. Ina auna kaya a kan sikeli, ubana na kwance a ɗakin ajiya, ni kuwa ina jin daɗin yadda kaya ke tafiya. Tun daga ranar na tsani ƙamshin tuffa, kuma a cikinsa nake wuni.

Saboda haka kada ka zo don Baffa, kada ka zo don coci. Ni za a bari a gida ina yanka burodi ina dafa shayin masu dawowa, su shigo suna karkaɗe takalma su ce min an yi lafiya. Ba an yi lafiya nake so ba. Ina son mutum ɗaya nawa ya tsaya a wajen kansa, ya dawo ya gaya min yadda aka sauke shi, ko ya karkace, ko an bari ya bugu. Kai kaɗai na sani da ba ka iya gyara magana.

Ƙanƙarar rufi ta fara ɗiga. Ka zo.

Yayarka,
Ishbel


Fort William, Mayu 1911

Yaya,

Ina gaishe ki. Kin kama ni, dama tun muna yara ke ce mai kama ni.

A ƙofar rumbun alkamar da nake aiki ya same ni, lokacin hutun shayi, abokan aikina na zaune suna kallo. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka rame. Littattafan ba sa ƙosarwa ne?" Na ce, "Sun fi wa'azi." Murmushi ya yi, Yaya. Murmushi. Ya ciro tuffa daga aljihu ya goge a hannun riga ya miƙo min, na ce ba na jin yunwa. Ya ɗan kalli ƙasa ya ce, "Taragon nan akwai wurin mutum biyu. Gwiwata ba ta son hawa da sauka." Kin taɓa jin Baba ya roƙi wani abu? Wannan shi ne roƙonsa. Na ce ina da taron ma'aikata da yamma. Sannan bakin nan nawa ya ƙara da cewa, "Gobe Lahadi fa, tsoho. Su tuffan naka coci za su?" Samarin suka fashe da dariya. Ya ce, "Za su huta yadda zan huta." Ya mayar da abinsa aljihu ya juya.

Na san abin da hutu ke nufi a bakinsa. Na san hanyar, na san inda zai sa a kwance shi, na san babu ɗaki a wurin sai taragon. Ni na yi shekaru ina raka tarago, shi bai taɓa yi ba. "Ka bar ƙofa a ɗan buɗe," magana nawa ce? Tana bakina, Yaya. Na haɗiye ta ne don dariyar da aka yi ta yi min daɗi, ban so in ɓata ta da tausayi ba.

Taron ma ba a yi ba, sanyi ya hana mai jawabin zuwa.

Zan zo. Ƙanƙarar tafkin garin nan ta narke, jiragen ruwa sun yi layi suna jiran alkama, shugaban aiki ya ce wanda ya bar wurin kafin tashin Asabar kada ya dawo. Wannan ba komai ba ne, zan iya jefa masa aikinsa. Abin da ba zan iya ba shi ne in zauna a kujerar Baba in sunkuyar da kai in janye maganar da har gobe ban ga ƙaryarta ba. Shi da kansa ya tsani a jera masu kyau a sama. A jirgin Lahadi zan zo, ki gaya wa Baffa tun yanzu kada ya ji a bakin wani. In ya hana ni igiya, zan tsaya a bayan shinge in gani, in gaya miki.

Ƙanenki,
Lachlan


Tashar Winnipeg, Litinin

Yaya Ishbel,

Ina gaishe ki. Ki yafe min, ban biyo su gida shan shayi ba. Jirgin gabas yana tsaye, ban yanki tikiti ba tukuna. Ga abin da kika aike ni.

Laka har idon sawu. Na tsaya can baya da baƙin hayaƙin jirgi a rigata, kowa ya san da wane jirgi na zo. Dattawa suka zuba wa Baffa ido. Ya daɗe yana goge tabarau. Sannan ya ce, "Igiya ta farko, Lachlan MacAulay, ɗan mamaci." Wani dattijo ya yi gyaran murya. Baffa ya juya ya ce, "In maƙogwaronka na ciwo, ɗan'uwa, ka je gida a ba ka zuma."

Na damƙe ta, na kafa ƙafa, na shirya ɗaukar nauyinsa. Ba wanda ya taɓa gaya min igiyar ba ta ɗaukar komai. Masu haƙa ne ke sauke shi da nasu maɗaurin ta ƙasa. Tamu siririya ce, baƙa, mai tuntu, bi kawai take yi ta cikin yatsu. Na so ya yi min nauyi. Na so ya yanke min hannu. Ya sauka a hankali, a miƙe, bai karkace ba, bai bugu da komai ba.

Kowa ya saki tasa ta faɗa kan akwati. Ni hannuna ya ƙi buɗewa. Mutane suna jira. Baffa ya zagayo daga wajen ƙafa, cikin lakar nan da takalmansa na coci, ya kama hannuna yana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, yana ce min da harshen tsibiri, "Sake shi, ɗana. Tun Janairu yake jira ya kwanta."

Na sake shi.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Lachlan